Gurbin Adireshi

Ni ne mai littafi a tsohon siton koko na Aboabo.
Bayan isha'i nake buɗe ƙofa.
Tabarma arba'in da uku, fanka biyu, ɗaya ta daina juyawa tun azumi,
famfo ɗaya a baya,
da sabulun da Iya Barira ke yankawa da zare don ya ishi kowa.

Mutanen ofis sun ba ni littafi mai gurbi huɗu:
suna, shekaru, garin asali,
sai na ƙarshe, mai faɗi kamar da gangan:
adireshi.

Daren farko na tsallake shi.
Dare na biyu Sanatu ta kife daronta ta zauna a kai,
wuyanta ya sha dakon doya a Kejetia tun asuba.
Ta ce, Malam, rubuta:
bakin shagon mai taya, in ba a yi ruwa ba.
In an yi ruwa fa?
Ta ce, a tsaye nake kwana, wannan ba a rubuta shi.
Na rubuta.

Baba Gariba ya shekara talatin yana gadin gidan wasu a Nhyiaeso,
ya san ƙarar kowane kwaɗo.
Ranar da aka ɗaura wayar lantarki a kan katanga
aka ba shi sidi ɗari biyu da godiya.
Ya ce in sa: bencin tashar Asafo, gefen da ba ya yoyo.
Har yau barcin dare ba ya ɗaukarsa.
Yana nan bakin ƙofa yana gadinmu kyauta,
mu da ba mu da abin sata.

Kwadwo yaron mota ne kafin mota ta bi ta ƙafarsa.
Nas Adwoa na zuwa Talata da Juma'a ta wanke gyambon,
tana masa faɗa da Tonanci, yana ramawa da Hausar zango.
Adireshinsa: inda dare ya yi.
Na ce wannan ba wuri ba ne.
Ya ce, ka taɓa zuwa?

Lissafi ne ba na so.
Ruwan Kumasi bai san ƙidaya ba.
Wata Laraba mutum na arba'in da huɗu ya zo,
tsoho, takalmansa a leda a hannu,
ya tsaya yana kallon alƙalamina, ba fuskata ba.
Wuri ya cika. Bakina ne ya faɗa.
Na ba shi kunu a gwangwani da kwatancen wani gida a Bantama
da na san shi ma ya cika.
Ya yi godiya.
Godiyar ce ta biyo ni gida
ta kwanta tsakanina da matata.
Ko sunansa ban tambaya ba.

Ƙarshen wata yarinyar ofis ta zo da tabarau,
ta ce ba haka ake cikewa ba,
na'ura ba ta san gefen da ba ya yoyo ba.
A sa "babu", ya fi sauƙi.
Na ce to.
Amma da zazzaɓi ya ɓoye Sanatu kwana uku,
"babu" ba ta kai mu ko'ina ba.
Bakin shagon mai taya muka nufa, ni da Iya Barira,
muka same ta a naɗe kamar gammo,
muka ɗauko ta a keken kaya, daronta a cinyata.

Yanzu littafi biyu gare ni.
Na ofis cike da babu, layi bayan layi, tsaf.
Nawa na aljihun riga, gumi ya ci gefensa.
A ciki akwai layin da na bari
wa tsohon mai takalma a leda,
ko ruwa zai sake koro shi.

Iya Barira ta kwashi adashinta ta sayo tabarma.
Ba ta cikin lissafi.
Tana bayan ƙofa, a naɗe.