Huda Ɗaya a Goshin Keke

Daga Tema ya zo a cikin kwantena,
tsakanin tsoffin firji da katifun gwanjo.
Sallau ya zube kuɗin ɗinkin wata uku,
ya turo shi shagona a Aboabo
yana tafe yana shafa masa baya.

Na duba gaba, ba birki.
Na duba baya, ba birki, ba ma hudar da za a ɗaura shi.
Giya ɗaya tal, sarƙa a ɗame kamar tsirkiya.
Na murza feda baya, taya ta biyo ni baya.
Na ce, yaro, wannan ba ɗan titi ba ne.
An yi shi don filin tsere mai daɓen katako
inda kowa ke zagaye hannu guda,
ba akuya, ba tiroto, ba mai tallar ruwan leda.

Ya ce, Baba Labaran, ai naka ma haka yake.

A'a. Nawa tuba ya yi.
Mai giya goma ne, ya girmi Sallau da shekara tara.
Haƙoransa suka cinye, na nemi irinsu a Alabar na rasa,
na kwance tarkacen, na rage sarƙa, na ƙulle shi a giya guda.
Amma na bar masa birkin gaba da madigadi,
kuma har yau ga 'yan kunnuwan ƙarfe a jikinsa
inda wayoyi suka taɓa bi,
kamar shatin zobe a yatsan wanda ya sayar da zoben.
Cikinsa ƙasa-ƙasa ne,
in na kwanta a kwana feda ta karci kwalta.
Shi ya sa ba na kwanciya.

Ran Asabar muka gangara Kejetia.
Nasa yana ratsa motoci kamar allura a bakin zane,
kowane rami kuwa sai ya kai masa saƙo har haƙori.
Nawa na bin baya yana haɗiye ramukan.
Sai ga yarinya da daron tumatir ta fito ta bayan bas.
Na matsa birki, na tsaya.
Sallau ya miƙe, ya turje da cinyoyi,
tayar baya ta yi ƙara, ta ja baƙin layi,
ya tsaya, tsakaninsa da ita bai kai taku ba.
Ko tumatir ɗaya bai faɗi ba.
Ita ta wuce ba ta waiga ba.
Shi ya zauna bakin kwata, gwiwa na kaɗawa,
ya ƙi ko da kallon waken da na saya masa.

Da magariba ya jingine shi a ƙofata.
Ya ce, huda masa goshi, a sa birki.

Na ɗauko abin huji. Na ajiye.
Da asuba, kafin masu koko su hura wuta,
na hau shi zuwa Asawase ba wanda ya sani.
Wallahi ban taɓa jin ƙafata ta taɓa ƙasa haka ba.
Abin da na yi niyya, kafin in yi ya yi.
Ba ya barin ka hutawa ko a gangare,
kai da taya numfashinku ɗaya.
Shekara sittin da ɗaya, na ji ina dariya ni kaɗai,
har wani kare ya tsallaka,
zuciyata ta hau maƙogwaro.

Ban huda ba.
Na kwance ƙafar gabansa, na naɗe ta a buhun siminti,
na sa masa ta wani mataccen keke mai huda tun daga gida,
na ɗaura birki.
Fentin bai zo ɗaya ba: jiki ja, ƙafa kore.

Sallau ya ce ya zama ɗan gauraye.
Na ce, to, ya zama ɗan Kumasi.

Tasa ƙafar tana nan a rataye saman bencina.
Ya ce ranar da ya ga fili mai daɓen katako
zai zo ya karɓa.
Ina goge mata ƙura duk Juma'a.