Haƙori Na Goma Sha Tara

Daren Laraba a Kakuri, ana yayyafi.
Giya nake yankawa, ta inji, ba ta kwalba ba,
mai haƙora ashirin da huɗu,
ta injin niƙan Iya Kande ta Nasarawa,
wanda ya yi gum kwana tara,
har matan layinsu suka koma ga turmi.

Na zana a kwamfuta, manhaja ta shata hanya,
bakin yanka ya bi ta, tururuwa bayan tururuwa.
Sha bakwai. Sha takwas.
A na sha tara aka ɗauke wuta.

Ku da kuke rubuta manhajar nan
a garin da fitila ba ta ƙiftawa,
ga saƙo daga mai ɗaki,
shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ji sabuwar da za ku fitar
za ta yi zance da gajimare.
Mu nan gajimare ruwa yake kawowa,
ruwa kuma ya tafi da wuta.
Kafin ku hau sama, ku koya mata tuna ƙasa:
in duhu ya faɗo tana tsakiyar haƙori,
ta sa yatsa a wurin
kamar mai karatun da aka kira shi ƙofa.
Da janareto ya tashi
taku sai ta dube ni kamar baƙo,
ta ce mu koma farko.

Ta tambaye ni sunan ƙarfen da lambarsa.
Wace lamba?
A Panteka na tsinto shi,
ƙashin bayan tirelar da ta gaji a hanyar Birnin Gwari.
Ba shi da takardar haihuwa.
Wani gefen laushi, wani gefen taurin kai,
ya cinye mini bakin yanka biyu
kafin in gane halinsa.

Baba Tanimu ya gane tun daga bakin ƙofa.
Shekara talatin ya yi a masaƙa
kafin a garƙame ta, ciyawa ta gaji injinan.
Ya karkata kai, ya ce,
"Ladidi, rage gudu, ƙarfen nan kuka yake."
Allonku kuwa kore shar, wai lafiya lau.

To ku ba ta kunne.
Ku zo da na'urarku ku zauna kusa da tsohon nan
tun yana da sauran numfashi.
Ba ya karɓar dala.
Shayi yake sha, sukari uku.

Dala! Kun tuna mini.
Duk shekara lasisinku sai ya ci kuɗin buhun masara nawa,
ranar da data ta ƙare
ta kulle ni waje, a shagona, da makullina a hannu.
Haya nake a cikin aikina?

Sannan ta yi Hausa mana.
Shekari, yaron da nake koya wa,
hannunsa ya fi nawa,
amma in jan rubutu ya fito da Turanci
sai ya ja da baya kamar ya taka wutsiyar kada.
Ta ce masa "dakata", ta ce masa "sassauta",
ba zai rage mata daraja ba.

Kada ku ce raini ne.
Na ga ta fitar da lanƙwasa
wadda hannun ɗan Adam zai yi wata yana nema.
Amma ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Haƙora biyar da rabi suka rage a daren.
Baba ya ɗauko magagari,
Shekari ya haska da waya,
ni na riƙe ma'auni ina ƙirga.
Da asuba muka gama, yatsu duk baƙi.

Yanzu in kun bi ta Nasarawa da hantsi
za ku ji injin Iya Kande yana surutu.
Sha takwas naku ne,
shida na Baba.
Ku kasa kunne, ku faɗa mini wanne ne wanne.