Ka Dawo Asabar

Ranar Laraba Lemuel Pruitt ya kawo mini motarsa.
Na leƙa ƙarƙashi, na ga tiyon birki yana zufa.
Na ce, ka dawo Asabar, yau aiki ya sha kaina.
Ya ce to. Ya ajiye mini tumatir uku na lambunsa
a kan akwatin sifana.

Ranar Juma'a ya gangaro tudun Harlow,
ƙafarsa ta taka, ta tarar da iska.
A ƙasa kasuwar manoma ta cika maƙil,
zuma, masara, yara da balan-balan.
Waɗanda suka gani sun ce hon bai daina kuka ba.
Ya karya kan mota, ya bi ta kan kabewa,
ya bar mutane, ya zaɓi turken fitila.
Turken ya tsayar da shi.

Har nan ba wanda ya mutu.

Ya buɗe ƙofa, jini a gira,
hannu yana lalube a ƙarƙashin kujera.
Wade Tolliver, mai sayar da inshora,
kofi a hagu, bindiga a ƙugu,
shekara tara yana ɗauke da ita, yana jiran rana.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Tabarau aka tsinta a ƙarƙashin kujerar.

Kafin rana ta faɗi talabijin ta yanke hukunci.
Ta ɗauko hoton lasin, inda tsohon ya ɗaure fuska,
ta bar na coci, inda yake riƙe da jikarsa.
Wade kuwa ga shi da karensa a bakin tafki.
Mai karanta labarai ta ce "gwarzo" sau shida, na ƙirga.
Ta ce ana binciken manufar direban.
Manufarsa maganin hawan jinin Odessa,
takardar likita na aljihunsa.

A shagon aski gardama ta kai mako uku.
Wani ya ce ba don mai bindiga ba, da gawa ta fi haka.
Wani ya ce ba don mai bindiga ba, da gawa babu.
Wani ya ce launin fata ne ya ja kunamar.
Mai aski ya ce ku bar motsi, kar in yanke ku.
Ni ina kujerar ƙarshe, na yi gum,
ina goge baƙin mai da ya ƙi barin farcena.

Wata goma sha ɗaya, sannan rahoto ya ce tiyo ne ya fashe.
Jarida ta ba da haƙuri a shafi na goma sha huɗu,
layi huɗu, ƙarƙashin tallan tayoyi:
"Muna takaicin duk wani ruɗani."
Ruɗani!
An binne ruɗanin da kwat ɗin ranar aurensa.
Magajin gari ya karanto tasa daga takarda, ihu bayan hari,
har ya yi tuntuɓe a kan sunan.
Talabijin tana can tana bin guguwa.
Wade, lauya ya rufe masa baki.
An ce ya daina zuwa kasuwa.
Ba a ce ya daina ɗaukar ta ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.
Na daɗe a saman nawa ina zagin jarida.
Jiya na sauko. Na tsaya a barandar Odessa, hula a hannu,
na ce, ni ne na ce masa Asabar.

Ta daɗe tana kallon lambun da ciyawa ta cinye.
Ta ce, na sani.
Ya gaya mini a daren, wai kai yaron kirki ne,
aiki ne ya yi maka yawa.
Ta ce, jarida ba ta san shi ba. Kai nake jira.

Ba ta ce ta yafe ba.
Ta ce matakalar nan tana rawa,
in akwai guduma a motarka.