Tsirkiya Huɗu a Matonge

Shekara tara ina ɗaukar wa Ekofo sifika,
daga Bandal zuwa Matonge, a ka, a kafaɗa, wata rana a kura,
har wuyana ya san nauyinta
yadda bakin rijiya ya san igiyar guga.

Jitarsa ta bes ce, tsirkiya huɗu.
Ya saye ta a Matadi, hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa
da bashi ya hana barci.
Ja ce a da. Yanzu inda babban yatsansa ke zama
itace ya fito fili, ya yi sulɓi, ya yi rami
kamar dutsen niƙan da ya ga jikoki.

A allon ƙofa sunan Mavinga ake rubutawa.
Shi ke da farar kwat, shi ke da makirufo,
shi ake liƙa wa kuɗi a goshi.
Ekofo na can baya, jikin akwatunan lemo,
inda fitila ba ta kaiwa,
ido a rufe, karan sigari a bayan kunne, ko gyaɗa kai ba ya yi.

Amma tambayi makaɗan Kinshasa.
Wasu sun ce laya ce a cikin jitar.
Wasu sun ce sau biyu ana kiransa Turai
yana cewa gwiwarsa ba ta shiri da sanyi.
Wani yaro a Lemba ya rantse yatsu shida ya ƙirga masa a hannu ɗaya.
Ni da ke wanke masa kofi na san biyar ne,
biyu ma a kumbure,
sai sun sha ruwan ɗumi da gishiri kafin gari ya waye.

Daren da nake son ba ka labari, Asabar ce, ana yayyafi,
gidan rawar Mama Ngalula cike har bakin kwata.
Kiɗa ya kai inda ba a jin kira,
sai tsirkiya mafi kauri ta ce tas!
Ta tsinke, ta tsula masa a kunci.
Ba mu da wata.
Kuɗinta ya fi ladana na wata biyu.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba:
ƙugu ɗari biyu sun rasa inda za su sauka.
Mai ganga na duka, Mavinga na rerawa,
amma ƙasa ta janye daga ƙarƙashin kowa
kamar an zare matakala ɗaya cikin duhu.
Wata mata ta tsaya da kwalba a hannu tana waige-waige,
an ɗauke mata wani abu, ba ta san mene ne ba.

Ekofo bai ɗago kai ba.
Ya kama kunnen tsirkiya ta uku ya murɗa,
ya sassauta ta, ya ƙara sassautawa,
har muryarta ta gangara
tana gurnani kamar kogi a duwatsun Kinsuka.
Da uku ya ƙarasa daren.
Kwalabe suka koma rawarsu a kan tebur,
haƙarƙarina ya ji shi kafin kunnena.

Da aka tashi, Mavinga aka ɗaga sama.
Wani ɗan jarida ya zo wurin Ekofo
ya tambaye shi ina ne banɗaki.
Ya nuna masa.

Washegari muka je rumfar mai gyaran babur,
muka sayi wayar birki,
ya zauna a inuwa yana kankare ta da wuƙa.
Na ce, Tata, abin nan ba ya yi maka ciwo?
Ya ɗauka kuncinsa nake nufi.
Ya shafa, ya ce ya kusa warkewa.

Sannan ya miƙo mini jitar,
karo na farko cikin shekara tara.
Ya ce riƙe nan, kada ka ja da ƙarfi.
In ƙafafunsu na tafiya, kana kan hanya.
In ka ga sun juyo suna kallonka,
ka yi yawa, rage.