Kunnen Sali

Jaka ɗari uku na tara, da guntu-guntu,
na sayo babur a Fitowa ran Lahadi,
ja, tsoho, madubi guda.

Sali bakanike ko kallonsa bai yi ba.
Ya ce, "Tayar."
Ya runtse ido, ya karkata kai
kamar mai sauraren numfashin jinjiri.
"Sarƙa na jin ƙishi. Fulogi ya sha hayaƙi.
Kai kuma hannunka na garajen sakin kuloci."

Sati uku ina kewaya filin ƙwallo,
hular kwano na dafa mini kai a ranar Garwa.

Yau, tsakiyar gadar Binuwai,
ya yi ɗan tari.
Na gangara gefe, na durƙusa, na kasa kunne.
Ban kira Sali ba.