Teburin Bakin Taga

Ni ce mai girki a wata makaranta a Kutaisi.
Shekara goma sha tara ina zuba miya,
na san yaro daga yadda yake riƙe cokali.

Tun Litinin Tamta ke ci ita kaɗai
a teburin bakin taga, inda iska ke kutsowa.
Su Elene sun ɗora jaka a kan kujerarta,
suka ce, "Akwai mai wurin."
Babu kowa. Jaka ce kawai.

Zuciya ta ce in je da ludayi a hannu
in zazzaga musu faɗa,
in ja kujera in ce dole a zauna da ita.
Na taɓa yin haka saboda wani yaro, Zaza.
An zauna da shi, ba a kalle shi ba.
Kashegari aka laƙaba masa suna:
wanda mai girki ta roƙar wa abokai.
Tun ranar na san
ba a ɗura zumunci kamar magani.

Sai na ɗauki shayina na zauna gefenta.
Ban tambaye ta me ta yi musu ba.
Na ce, "Tagar nan da sanyi."
Ta ce, "Na saba."
Kwana huɗu kacal, wai ta saba.
Na ce, "Na ga jakar. Abin nan ba daidai ba ne."
Ta daɗe tana juya cokali,
sannan maganar ta ɓalle, da hawaye, da majina.
Na bar ta ta kai aya.

Da yamma na raɗa wa Malama Ketevan.
Ta kira Elene ita kaɗai, bayan an watse,
don kunya a gaban jama'a taurin kai take haifarwa.
Abin da suka ce, su suka sani.

Ni kuwa na lura da Nutsa,
wadda ke bin ayari amma tana waiwaye.
Na ce ƙullun burodi ya fi ƙarfin hannuna,
ina neman mutum biyu.
Gari ya bule musu hanci.
Dariya ta zo da kanta, ban aika a kira ta ba.

Yau Juma'a.
Jakar tana nan a kan kujera, ba zan yi ƙarya ba.
Amma Nutsa ta ɗauki farantinta,
ta ratsa ɗakin kanta a sunkuye
har bakin taga.

Na nemo tsumma na toshe inda iskar ke shiga.