Kaftin Gwadabe

A gindin dilar gwanjo, kasuwar Garwa,
na tsince su ƙulle cikin baƙar leda:
'yan bulon wasa na roba, ja da shuɗi da ruwan ƙwai,
masu ƙuraje a ka, ramuka a ciki.
Mai dila ya ce dala ɗari. Na ce sittin.
Ya ce, “Kwashe, ai tarkace ne.”

Tarkacen ne kuwa.
Kai guda, rabin murmushinsa ya goge.
Ƙirji mai zanen maɓalli huɗu.
Hannun dama baƙi, na hagu babu.
Ƙafafun ma na wani ne dabam,
wanda ƙila har yau yana ƙarƙashin kujera
a wata ƙasar sanyi, yana cigiyarsu.

Sai da na rufe shago a Yalwa,
na ture wayoyin mutane gefe,
na jawo fitila, na ɗauki hantsakin
da nake tsintar ƙananan kusoshi da shi.
Wuya ya shige kai, ƙas!
Ƙugu ya ƙi, na kankare shi da reza.
Hannun hagu na lanƙwasa da zaren tagulla
daga cajar da ta ƙone tun azumi.
Hula kuwa murfin maganin ɗigon ido ne,
fari tas, ya zauna kamar an auna.

Barira ta leƙo, haɓarta duk mangwaro.
“Baba, wane ne wannan?”
Ban tanadi amsa ba, baki ya riga ni:

Kaftin Gwadabe ke nan, matuƙin Binuwai.
Shi ke hauro da gishiri daga bakin teku,
ya gangara da auduga da gyaɗa,
kwana arba'in bai tambayi kowa hanya ba.
Da launin ruwa yake gane zurfinsa.
Dorina ce ta karɓe masa hannu
a wata kwana gab da iyaka,
ita ma ba ta koma gida da haƙoranta cikakku ba.
Tun daga ranar suke gaisawa daga nesa.

“Ina jirginsa?”
Bulo goma sha bakwai suka rage.
Muka danna wannan kan wancan,
jirgi ya fito kamar kwalin sabulu,
bututun hayaƙinsa murfin biro.

“To, ina ruwansa?”
Na yi dariya, sannan na bari,
don tambayar ta girme ta.
Ruwan yana nan, Barira, amma ba irin na da ba.
Yanzu awaki ke shan inuwa
inda jirage suka taɓa ɗaure igiya.

Ban gaya mata cewa sunan ba ƙirƙira ba ne.
Gwadabe mahaifina ne, kuma bai taɓa riƙe sitiyari ba.
Buhu ya ɗauka a tashar, shekara ashirin da biyu.
Ba dorina ba ce, igiyar ƙarfe ce ta tsinke
wata Talata bayan la'asar.
Farar hular kaftin kuwa daga ƙasa yake hango ta,
hannu a goshi saboda rana.
Daren nan na ƙara masa girma
a kan dala sittin da murfin magani.

Barira ta jawo farantin tuwo,
ta juye masa ruwan buta.
Jirgi ya karkace, ya yi tunani, ya tsaya.
Kaftin ya jiƙe har ƙugu, rabin murmushin na nan.
Ta hura masa iska da baki
har ya tsallaka zuwa ɗaya gaɓar,
wajen da fentin farantin ya ɓare.

“Baba, shi kaɗai ba zai iya da hannu ɗaya ba.
Gobe ka samo masa jika,
mace, ita za ta riƙe injin.”

Na zazzage ledar a tafin hannuna.
Saura taya guda da wata 'yar taga.
Na ce mata sai ranar da aka ɓalle sabuwar dila.